Lahanin gindin ƙoƙon kai a ciwon akondrofilasiya

Lahanin gindin ƙoƙon kai a ciwon akondrofilasiya rukuni ne na sauye-sauyen girma da siffa da ake samu a ƙasusuwan da ƙwaƙwalwa ke zaune a kansu, ga mutanen da aka haifa da wannan ciwo na gado. Akondrofilasiya ita ce ta fi kowace cuta jawo gajarta marar daidaito, wato inda hannuwa da ƙafafu suke gajeru alhali gangar jiki tana kusa da tsayin da aka saba. Da Hausa ana kiran mai irin wannan jiki wada. Ana haihuwar kimanin jariri 1 cikin 25,000 da ciwon, kuma ana samun sa a kowace nahiya da kowace ƙabila.

Abin da ido ke fara gani shi ne gajarta da girman kai. Sai dai haɗarin da ya fi barazana ga rai a shekarun farko yana ɓoye a gindin ƙoƙon kai, inda ƙofofin da laka da jijiyoyi ke bi suke ƙuntata. Ƙuncin na iya matse wurin da ke sarrafa numfashi ba tare da wata alama ta fito fili ba, shi ya sa hoton asibiti, musamman na na'urorin MRI da CT, ya zama ginshiƙi wajen kula da waɗannan jarirai. Manyan abubuwan da hoto ke nunawa su ne ƙuncin babbar ƙofar gindin kai, ƙuncin ƙofofin jijiyar wuya, yawan ruwan ƙwaƙwalwa, karkacewar ƙashin kunne, da gajartar gindin kan baki ɗayansa.

## Asalin suna

Wani likitan Faransa mai suna Jules Parrot ne ya ƙirƙiri kalmar a shekarar 1878, daga gaɓoɓi uku na harshen Girka: na farko yana nufin "babu", na biyu "guringuntsi", na uku "ginuwa". A dunƙule ma'anarta ita ce rashin ginuwar guringuntsi. Sunan bai yi daidai da abin da ke faruwa ba, domin guringuntsin yana samuwa. Matsalar tana wurin girmansa da juyewarsa zuwa ƙashi.

Ciwon daɗaɗɗe ne. Mutum-mutumin Seneb, wani babban ma'aikacin fada a tsohuwar Masar wanda ya rayu fiye da shekara 4,000 da suka wuce, yana nuna shi zaune da matarsa da 'ya'yansa, da siffar jiki irin ta masu akondrofilasiya. Kalmar wada kuwa ta fi sunan ciwon faɗi, saboda ta haɗa duk mai matsananciyar gajarta, kuma cututtukan ƙashi na gado da ke jawo gajarta suna da yawa. Wannan maƙala ta taƙaita ne ga akondrofilasiya kaɗai.

## Tsarin gindin ƙoƙon kai

Ƙoƙon kai kashi biyu ne: rufi da gindi. Rufin shi ne abin da hannu ke taɓawa daga goshi zuwa ƙeya. Gindin shi ne daɓen da ƙwaƙwalwa ke zaune a kai, kuma hawa uku ne kamar matakala. Hawan gaba yana saman idanu da hanci, na tsakiya yana daidai da kunnuwa, na baya kuma, wanda ya fi zurfi, shi ke ɗauke da ƙaramar ƙwaƙwalwa da tushen ƙwaƙwalwa.

Duk abin da zai shiga ƙwaƙwalwa ko ya fita daga cikinta sai ya bi ta wata ƙofa a wannan daɓe. Uku daga cikinsu sun fi muhimmanci a nan:

- Babbar ƙofa, wadda sunanta na Latin foramen magnum ke nufin "babban rami". Tana cikin ƙashin ƙeya, kuma a nan ne tushen ƙwaƙwalwa ke haɗuwa da laka. Manyan jijiyoyi biyu masu kai jini bayan ƙwaƙwalwa ma ta nan suke shiga. Ga baligi mai lafiya tsawonta kimanin milimita 35 ne, faɗinta kimanin milimita 30.
- Ƙofofin jijiyar wuya, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ta nan mafi yawan jinin da ya gama aiki a ƙwaƙwalwa ke fita zuwa zuciya, tare da jijiyoyi uku masu hannu a haɗiya, murya da motsin wuya.
- Ƙofofin jijiyar harshe, ƙanana biyu a gefen babbar ƙofa, inda jijiyar da ke motsa harshe ke wucewa.

Rufi da gindi ba hanya ɗaya suke bi su zama ƙashi ba. Ƙasusuwan rufi suna ginuwa kai tsaye daga wata fata mai kauri da ta lulluɓe ƙwaƙwalwar ɗan tayi, kuma ƙwaƙwalwar ce ke tura su waje yayin da take girma. Mafi yawan gindin kuwa yana farawa ne a matsayin guringuntsi, sannan ya riƙa juyewa ƙashi a hankali, kamar yadda dogayen ƙasusuwan hannu da ƙafa ke yi.

Lokacin haihuwa, babbar ƙofa tana kewaye da gutsattsarin ƙashi huɗu: ɗaya a gaba, biyu a gefe, ɗaya a baya. Tsakaninsu akwai mahaɗan guringuntsi, kuma daga waɗannan mahaɗai ne ƙofar ke faɗaɗa. Mahaɗan baya suna rufewa a shekarun farko na ƙuruciya, na gaba su biyo baya bayan wasu shekaru. Wata mahaɗa ta daban, wadda ke gaban babbar ƙofa a kan ƙashin da ake kira gangara, ita ke ƙara wa gindin tsawo daga gaba zuwa baya, kuma ba ta rufewa sai lokacin balaga. Da zarar mahaɗa ta rufe, girma ta wannan wuri ya ƙare.

## Musabbabi

Ciwon yana samuwa ne daga sauyi a ƙwayar gado mai suna FGFR3, wadda ke kan gajeren hannun kuromosom na 4. Ƙungiyoyin masu bincike biyu, ɗaya a Kalifoniya ta Amurka ɗaya a birnin Paris na Faransa, su ne suka gano hakan a shekarar 1994. Ƙwayar tana ɗauke da umarnin gina wani furotin da ke zaune a jikin ƙwayoyin guringuntsi, kuma aikinsa kamar na birki ne: yana rage saurin hayayyafar ƙwayoyin don kada ƙashi ya wuce kima. A akondrofilasiya birkin yana kamawa fiye da yadda ya kamata. Kusan duk masu ciwon sauyi iri ɗaya gare su, inda amino asid mai suna ajinin ya maye gurbin gilaisin a matsayi na 380 na furotin ɗin.

Wannan ne ke bayyana siffar kan mai ciwon. Birkin ya fi tasiri a ƙasusuwan da ke fitowa daga guringuntsi, don haka gindin kai yana tsumburewa kuma mahaɗansa suna rufewa da wuri. Rufin kuwa yana ci gaba da faɗaɗa don ya ba ƙwaƙwalwa wuri. Sakamakon shi ne babban rufi a kan ƙaramin gindi: goshi ya turo gaba, karan hanci ya shige ciki, maɗiga ta yi faɗi kuma ta jinkirta rufewa.

Kwafi ɗaya na ƙwayar da ta sauya ya isa ya jawo ciwon. Idan ɗaya daga cikin iyaye yana da shi, kowane ciki yana da yiwuwar kashi 50 cikin 100 na gadonsa. Idan dukansu biyu suna da shi, akwai yiwuwar kashi 25 cikin 100 jaririn ya gaji kwafi biyu, kuma irin wannan jariri yawanci ba ya daɗewa a raye saboda ƙanƙantar ƙirji da tsananin ƙuncin babbar ƙofa. Duk da haka, kimanin kashi 80 cikin 100 na masu ciwon iyayensu masu matsakaicin tsayi ne. A wurinsu sauyin sabo ne, yana faruwa a maniyyin uba, kuma yiwuwarsa tana ƙaruwa da shekarun uban. Babu wani abinci, aiki ko hali na uwa lokacin goyon ciki da ke jawo shi. Matsakaicin tsayin baligi namiji kimanin santimita 131 ne, mace kimanin 124, kuma basirarsu daidai take da ta sauran mutane.

## Na'urorin ɗaukar hoto

Sikanin na ciki. Gajartar ƙasusuwan ɗan tayi ba ta cika bayyana ba sai a watanni uku na ƙarshen ciki, don haka sikanin na tsakiyar ciki yana iya fitowa lafiya lau. Bayan haihuwa ana ɗora na'urar a kan maɗiga a ga yawan ruwan da ke cikin kai, amma ba ta nuna babbar ƙofa da kyau.

Hoton eksire. Hoton ƙashi na yau da kullum yana taimakawa wajen tabbatar da ciwon ta siffar ƙugu, ƙashin baya da dogayen ƙasusuwa. A kai yana nuna babban rufi da gajeren gindi, amma ƙasusuwan suna hawa kan juna a hoton, ba a iya auna ƙofofin daidai.

Na'urar CT. An fara amfani da ita ga marar lafiya a Landan a shekarar 1971. Tana amfani da hasken eksire ta fitar da hoton jiki yanki-yanki, kuma babu kamarta wajen nuna ƙashi. Da ita ake auna tsawo da faɗin babbar ƙofa, a kuma ga ko mahaɗan guringuntsi sun rufe. Tana da sauri ƙwarai, sai dai hasken da take amfani da shi ba a son yawaita shi ga jarirai, kuma ba ta nuna laka sosai.

Na'urar MRI. Tana aiki da maganaɗisu mai ƙarfi, babu hasken eksire a cikinta. Tana nuna laka, tushen ƙwaƙwalwa da ruwan da ke kewaye da su, shi ya sa a yau aka fi dogara da ita. Akwai salon ɗauka da ke nuna jijiyoyin da jini ke fita ta cikinsu, da wanda ke nuna gudanar ruwan ƙwaƙwalwa, da wanda ake ɗauka wuya a sunkuye sannan a ɗage. Matsalarta ita ce tana ɗaukar lokaci kuma dole jariri ya kwanta ba motsi. Ƙananan jarirai ana iya shayar da su a naɗe su har su yi barci. Waɗanda suka ɗan girma sai an ba su maganin sa barci, wanda shi ma yana da nasa haɗarin ga mai ƙuntataccen maƙogwaro.

## Abubuwan da hoto ke nunawa

### Babbar ƙofa

Binciken da Jacqueline Hecht da abokan aikinta suka wallafa a shekarar 1989, bisa awon hotunan CT, ya nuna cewa babbar ƙofar mai akondrofilasiya ƙarama ce tun daga haihuwa, kuma girmanta yana tafiyar hawainiya a shekarar farko, musamman ta faɗi daga dama zuwa hagu. Sun danganta hakan da abu biyu: raunin girman guringuntsi, da rufewar mahaɗai kafin lokacinsu.

Maimakon siffar ƙwai da aka saba gani, ƙofar takan zama mai tsini ta gaba ko ta baya, kamar ɗigon ruwa ko ramin makulli. Leɓenta na baya yakan yi kauri ya turo ciki, kuma sau da yawa shi ne ke danna laka daga baya. Ƙashin gangara gajere ne, hawan baya na gindin kai kuma matsattse. Wani lokaci bakan baya na ƙashin wuya na farko ma yana ƙara ƙuncin.

### Matsewar laka

Kusan kowane jariri mai ciwon yana da ƙaramar ƙofa idan aka kwatanta da sauran jarirai, don haka awo kaɗai ba ya faɗin wanda ke cikin haɗari. Abin da likita ke nema shi ne halin da laka ke ciki. A shekarar 2021 wasu likitoci a Landan suka wallafa wani ma'auni mai suna AFMS, wanda ke raba abin da MRI ya nuna zuwa matakai biyar:

- Mataki 0: ƙofar daidai take.
- Mataki 1: ƙofar ta ƙuntata, amma har yanzu ruwa yana kewaye da laka.
- Mataki 2: ruwan da ke kewaye da laka ya ɓace, amma siffar lakar ba ta sauya ba.
- Mataki 3: ƙashi ya danna laka har ta loɓa.
- Mataki 4: laka ta loɓa, kuma farin tabo ya bayyana a cikinta a salon hoton da ake kira T2, alamar kumburi ko rauni.

Muhimmancin wurin ya zo ne daga abin da ke cikinsa. Cibiyoyin da ke ba da umarnin numfashi suna cikin tushen ƙwaƙwalwa, daidai saman ƙofar. Matse wurin, ko matse jijiyoyin da ke kai masa jini, yana iya sa numfashi ya ɗauke cikin barci. A shekarar 1984 Richard Pauli da abokan aikinsa suka ba da rahoton jarirai masu akondrofilasiya da suka mutu farat ɗaya ko numfashinsu ya ɗauke ba zato, suka danganta hakan da matsewar wannan wuri. Wani binciken Hecht na 1987 ya ƙiyasta cewa haɗarin mutuwar farat ɗaya a shekarar farko yana iya kaiwa kashi 7.5 cikin 100. Adadin ya ragu sosai a wuraren da ake bibiyar jariran ana yi wa masu buƙata tiyata.

### Ƙofofin jijiyar wuya da ruwan kai

Ƙwaƙwalwar baligi tana samar da ruwa kimanin rabin lita a kowace rana. Ruwan yana zagaya ƙwaƙwalwa da laka, sannan ya tsotsu cikin manyan jijiyoyin da ke fitar da jini daga kai. Idan ƙofofin jijiyar wuya suka ƙuntata, jini ba ya fita da sauƙi, matsi ya ƙaru a cikin jijiyoyin, ruwan kuma ya kasa tsotsuwa yadda ya kamata. Hoton MRI yakan nuna ɗakunan ruwan ƙwaƙwalwa sun ɗan faɗaɗa, ruwa kuma ya yi yawa tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙashi, musamman ta goshi.

Jiki yana nema wa jinin wasu hanyoyi. Ƙananan jijiyoyin da ke ratsa ƙashin ƙeya da na bayan kunne suna buɗewa su yi kauri, jijiyoyin fatar kai ma su fito raɗau. Saboda waɗannan hanyoyi, ga yawancin yara matsin yana daidaita da kansa. Kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai ruwan ke taruwa har ya buƙaci tiyata. Girman kai shi kaɗai ba hujja ba ce ta taruwar ruwa mai cutarwa, shi ya sa ake auna kewayen kan yaron a kan jadawalin da aka tsara musamman don masu akondrofilasiya. Abin damuwa shi ne kai ya riƙa girma da saurin da ya zarce wannan jadawali, ko maɗiga ta kumbura ta yi tauri, ko yaro ya riƙa amai da yawan kuka.

### Ƙashin kunne

Sassan ji na ciki suna zaune a wani ƙashi mai tauri da ke gefen gindin kai. Saboda tsakiyar gindin ta tsumbure, wannan ƙashi yana juyawa ya miƙe sama, sassan kunnen ciki da ƙananan ƙasusuwan ji su karkata tare da shi. Hoton CT yakan kuma nuna kan babbar jijiyar wuya ya hau sama fiye da kima, wani lokaci babu ƙashin da ya raba shi da kunnen tsakiya. Wannan yana da muhimmanci ga likitan kunne, domin huda dodon kunne don fitar da ruwa yana iya fasa jijiyar.

### Fuska da hanyar iska

Ƙasusuwan tsakiyar fuska suna rataye ne a jikin gindin kai. Idan gindin ya gajarta, tsakiyar fuska ba ta turowa gaba yadda ya kamata, hanyar iska ta bayan hanci ta matse, haƙoran ƙasa kuma su riƙa shiga gaban na sama. Daga nan ake samun minshari da toshewar numfashi cikin barci, wanda ya bambanta da ɗaukewar numfashin da ke fitowa daga tushen ƙwaƙwalwa. Bututun da ya haɗa kunne da maƙogwaro ma gajere ne kuma ba ya aiki sosai, don haka ruwa yana taruwa a kunnen tsakiya, ciwon kunne yana yawan dawowa, ji ya ragu, magana ta yi jinkiri.

## Alamomin matsewa

Jarirai masu akondrofilasiya dama suna da laushin jiki, kuma suna jinkirin riƙe wuya, zama da tafiya idan aka kwatanta da sauran yara. Wannan ne ke sa gane matsewar laka da ido ke da wuya. Alamomin da ke buƙatar a gaggauta zuwa asibiti sun haɗa da:

- ɗaukewar numfashi cikin barci, ko leɓe ya sauya launi;
- laushin jikin da ya wuce na sauran masu ciwon;
- raunin hannu ko ƙafa, ko ɓangare ɗaya ya fi ɗaya motsi;
- karkarwar ƙafa idan likita ya lanƙwasa tafinta sama;
- wahalar tsotso ko haɗiya, da yawan ƙwarewa;
- yaro ya daina yin abin da ya riga ya iya.

Ana kuma yin gwajin barci, inda jariri ke kwana da na'urorin da ke auna numfashi, bugun zuciya da iskar da ke cikin jini. Gwajin yana da amfani, amma an samu jarirai da sakamakonsu ya fito daidai alhali MRI ya nuna laka a matse.

## Saɓanin masana kan lokacin ɗaukar hoto

Masana ba su haɗu a kan matsaya ɗaya ba game da yi wa kowane jariri hoto. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a jagororinta na kula da masu ciwon, ta ba da shawarar a haɗa abu uku tun jariri yana ƙarami: duba jijiyoyi, gwajin barci, da hoton mahaɗar kai da wuya. Wani kwamitin ƙwararru da ya wallafa matsayarsa a 2016 ya ga cewa a bar MRI sai ga jaririn da ya nuna alama ko gwajin barcinsa ya nuna matsala. Hujjarsu ita ce haɗarin maganin sa barci, da tsoron kada hoto mai ban tsoro ya kai yaro mai lafiya ɗakin tiyata, tunda wasu yaran ƙuncin nasu yana sauƙaƙa yayin da suke girma.

Masu goyon bayan hoto ga kowa suna cewa alamomi ba abin dogaro ba ne, kuma raunin da ya riga ya samu laka ba lalle ya warke ba. Wani dandalin ƙwararru na Turai ya ba da shawarar a yi wa kowane jariri MRI tsakanin wata 3 zuwa 6 da haihuwa, ko da babu alama. Inda kowa ya yarda shi ne, ba a yanke hukuncin tiyata da hoto kaɗai. Ana haɗa shi da abin da likita ya gani a jikin yaron da sakamakon gwajin barci.

## Magani da kulawa

Tiyatar buɗe ƙofa. Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa yana shiga ta ƙeya, ya cire leɓen baya na babbar ƙofa, sau da yawa tare da bakan baya na ƙashin wuya na farko. Yawanci ana yin ta ga mai mataki na 4, da mai mataki na 3 da ke da alamomi. Hoton jijiyoyin jini kafin tiyata yana nuna inda sababbin hanyoyin jini suka bi, don kada a yanke su. Wani babban bincike a cibiyoyi huɗu na Amurka, wanda ya duba bayanan mutum 1,374, ya samu cewa kimanin ɗaya cikin biyar an yi musu wannan tiyata, akasarinsu suna ƙanana.

Tiyatar rage ruwa. Idan ruwa ya taru har yana cutarwa, ana sa siririn bututu daga ɗakin ruwan ƙwaƙwalwa ya bi ƙarƙashin fata zuwa ciki.

Kunne da maƙogwaro. Ana gwada ji a kai a kai, a sa ƙaramin bututu a dodon kunne idan ruwa ya ƙi tafiya, a kuma cire tsokokin bayan hanci da na maƙogwaro idan suna toshe numfashi.

Maganin ƙara girma. A shekarar 2021 Tarayyar Turai da Amurka suka amince da maganin vosoritide, wanda ake sayarwa da sunan Voxzogo. Allura ce da ake yi kullum, tana sassauta birkin FGFR3. A gwajin da aka wallafa a mujallar Lancet a 2020, yaran da suka karɓe ta sun fi sauran ƙarin tsayi da kimanin santimita 1.57 a shekara. Tasirinta a kan babbar ƙofa yana cikin abubuwan da ake bincike a kai, kuma tunda mahaɗan ƙofar suna rufewa da wuri, hankalin masu binciken ya karkata ga fara maganin tun ana jariri.

Kulawa a gida. Babban kai a kan wuya mai laushi yana saurin rinjaya gaba ko baya, wanda ke ƙara matse laka. Ana shawartar iyaye su tallafi kai da wuya duk lokacin da suka ɗauki jaririn, kada su tilasta masa zama kafin ya iya da kansa, su kuma guji lilo da keken koyon tafiya. Shawarar ta shafi goyo: kada a bar kan jaririn yana lilo a baya ba tallafi, musamman idan barci ya ɗauke shi. Yaran da suka girma ana hana su wasannin da ke wahalar da wuya, kamar alkafura da tsalle a kan ka. Duk lokacin da za a yi wa mai ciwon tiyata, ko wace iri ce, mai ba da maganin sa barci yana kiyaye ɗage wuyan da yawa.

## Bambanci da wasu cututtukan gado

Wasu sauye-sauye a ƙwayar FGFR3 suna jawo cututtuka masu dangantaka. Haifokondrofilasiya ta fi sauƙi, kuma ba kasafai take matse laka ba. Nau'in da ake kira tanatoforik ya fi tsanani. Babbar ƙofa tana ƙuntata matuƙa, kuma yawancin jariran ba sa wuce kwanakin farko. A ciwon Muenke kuwa ɗinkin rufin kai ne ke rufewa da wuri, tsayin jiki kuma yawanci daidai yake.

Akwai kuma cututtukan da ba su da alaƙa da wannan ƙwaya amma suna taɓa wuri ɗaya ta wata hanya. A ciwon gautsin ƙashi na gado, gindin kai yana laushi har saman ƙashin wuya ya kutsa cikin ƙoƙo. A ciwon Morquio, haɗarin yana fitowa ne daga sassaucin gaɓar da ke tsakanin ƙashin wuya na farko da na biyu. A ciwon CHARGE, hoto yakan nuna toshewar bayan hanci, rashin bututun daidaita jiki na kunnen ciki, da tsaga ko tsumburewa a ƙashin gangara. Sassaucin gaɓar wuya ba kasafai ake samun sa a akondrofilasiya ba. Matsalarta ƙunci ce, kuma wannan bambanci ne ke sa tiyatarta ta zama buɗe ƙofa maimakon ɗaure ƙasusuwan wuya da ƙarfe.

## Duba kuma

- Ƙoƙon kai
- Laka
- Guringuntsi
- Cututtukan gado
- Taruwar ruwa a kai